Cikin da Bai Kai Haihuwa Ba

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Shanono da Faruruwa da Kokiya da Leni da Tsaure da Alajawa, da maƙwabtansu na Bagwai da Gwarzo da Tsanyawa, domin sharhinmu na yau a kan turakunku yake da garkunanku.

A ƙarshen shekarar 2025 sunan Shanono ya yi ta yawo a labarai. Ɓarayin daji sun riƙa tsallakowa daga ɓangaren Katsina suna kora shanun mutane, suna taɓa rayuka. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Wannan asara kowa ya gan ta, kowa ya ji ta. Akwai wata kuma da ta daɗe tana cin dukiyar yankin nan shiru, ba a kai ƙararta wurin dagaci, ba a rubuta ta a takarda. Ita ce ta cikin da dabba ta ɗauka bai kai haihuwa ba. Tunkiya ta yi ɓari a wata na huɗu. Akuya ta haifi tagwaye, ɗaya a mace, ɗaya ya kasa miƙewa ya kama nono. Saniya bijimi ya hau ta, a zauna ana ƙirga watanni, bayan wata biyu ko uku a ga ta sake neman barbara. Mai dabba ya ce Allah bai nufa ba, ya ja abin da ya faɗo ya jefa a juji, magana ta ƙare.

Lallai komai da nufin Allah yake. Amma Allah ya sanya wa abubuwa sababi, ya kuma ba mu hankalin da za mu bi sawunsa.

Sai an fara duba irin zaman da muke yi kafin a gane ta inda cuta ke shigowa. A karkarar Kano gona manne take da gona. Tun shekarun 1960 wani masanin ƙasa ɗan Birtaniya, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya ya kuma koyar a Jami'ar Bayero, ya riƙa rubutu a kan yadda ƙasar Kano take ciyar da ɗimbin jama'a ba tare da an bar gona ta huta ba. Dabba ce ke riƙe da wannan tsari. Da damina a ɗaure ta a turke don kada ta shiga shuka, a yanko mata ciyawa. Da kaka a ɗaure harawar wake da ta gyaɗa a ɗora a kan soro ko rumfa ko cikin rassan bishiya, a tara kara da ƙowa da dusa. Da rani a kwashe takin da ta tara a kai gona a kan jaki ko amalanke. Kakanninmu sun yi basira. Sai dai tsarin ya haɗa tunkiya da akuya da shanun noma da mage da kare da kaji da rumbu da randar ruwa da yara a tsakar gida ɗaya. Makiyayin da ke tafe a daji yana barin kashin dabbobinsa a baya ya yi gaba. Mu a nan, inda dabba ta yi kashi nan take kwana, nan take cin abinci, nan take haihuwa.

Mu kuma tuna dukiyar wa ake magana. Yawancin awaki da tumakin da ke cikin gidajenmu na mata ne. Da su Inna take haɗa wa 'yarta kayan ɗaki, da su ake biyan kuɗin asibiti in ciwo ya zo ba sallama, da su ake sayen takin zamani in damina ta kama maigida hannu ba komai. Wata ma ba tata ba ce, kiwo aka ba ta, rabonta yana cikin 'ya'yan da za a haifa. In babu haihuwa ta yi wahalar banza. Cikin akuya da na tunkiya wata biyar ne. In ta zubar a na huɗu, an rasa ɗan, an rasa dusar wata huɗu, sannan a jira ta murmure ta sake ɗauka, a sake ƙirga wasu biyar ɗin. Jar akuyarmu kuwa ta saba haifar tagwaye, don haka ɓari ɗaya sau da yawa 'ya'ya biyu ne. Na saniya ya fi ciwo. Cikinta wata tara ne da 'yan kwanaki, kuma saniyar bunajin da ke hannun makiyayanmu dama takan kai kusan shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa. In ta zubar, shekara guda ta ƙaru babu maraƙi babu nono.

Ka tambayi makiyayi me ya sa saniyarsa ta zubar, amsar da za ka fi ji ita ce bakkale. Yana da hujja. Bakkale tana nan a garkunanmu, tana zubar da ciki a watannin ƙarshe, tana kumbura gwiwa, tana kama mutum ta ɗanyen nono ta sa masa zazzaɓin da ba ya jin maganin maleriya. A jihar nan ma an taɓa tabbatar da ita. A 1980 wani likitan dabbobi, A. E. J. Okoh, ya buga rahoton binciken ɓarin tumaki da aka samu a cibiyar kiwo ta gwamnati da ke Rano, gwaji kuma ya nuna ƙwayar bakkale. Abin lura shi ne an san haka ne don an ɗauki samfur an kai ɗakin gwaji. Ido ba ya rabe ɓari da ɓari. Bakkale ƙwayar bakteriya ce, amma akwai wasu halittun daban da ke zaune a jikin dabba suna ci daga gare ta. Wasu tsutsotsi ne da ido ke gani, wasu sai da madubin likita, kuma kowace da hanyar da take bi ta shigo gida. In an ɗora komai a kan bakkale, waɗannan hanyoyi a buɗe za su zauna.

Bari in fara da wadda ta fi kusa da uwargida, wato wadda mage ke ɗauke da ita. Likitoci suna kiranta toksoplasma. A 1908 aka fara ganinta a birnin Tunis, a jikin wata 'yar dabbar daji dangin ɓera. A shekarun 1950 masu kiwon tumaki a ƙasar Niyu Zilan suka yi ta fama da ɓarin da ba a san dalilinsa ba, bincike ya gano ita ce. Sai a 1970 aka warware yadda take yaɗuwa. Kusan duk dabba mai ɗumin jini tana iya ɗaukarta, har da ɗan Adam, amma a hanjin mage da danginta na daji kaɗai take yin ƙwai. Mage ta kama ɓera ko tsuntsu mai ɗauke da ita ta cinye. Bayan 'yan kwanaki ta fara fitar da ƙwayayen a kashinta, miliyoyi, na tsawon mako ɗaya zuwa biyu, ita kuwa lafiyarta ƙalau. Ƙwan yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya nuna ya zama mai cutarwa. Zafin rana da bushewa suna kashe shi, wannan kuwa rahama ce ga ƙasa irin tamu. Amma inda akwai inuwa da laima, gindin randa, bakin rijiya, ƙarƙashin rumfa, lungun ɗakin ajiya, yana iya yin watanni, har fiye da shekara, yana jira.

Yanzu kowa ya dubi gidansa. Ina ɓera yake taruwa? Inda hatsi da dusa suke. Ina mage take kwana, ina take haihuwa? Inda ɓera yake, a kan buhunan dusa, cikin tarin ƙowa, tsakanin dammunan harawa. Mage kuwa tana son wuri mai laushi da za ta tona ta yi kashi ta rufe, buhun dusar da aka bari a buɗe ya ishe ta. Da safe yarinya ta ɗebo dusar nan ta dama da ruwa da kanwa ta ajiye wa tunkiya mai ciki, don ana ji da ita, ana so ta samu ƙarfi. Ta nan cutar take shiga.

Abin da zai biyo baya ya danganta da watannin cikin. In a farko ne, ɗan tayin ya mutu jiki ya shanye shi, ba wanda zai ga komai, sai dai a ce tunkiyar nan ba ta ɗauka ba, ƙila juya ce, a ja ta kasuwa. In a tsakiya ne, sai ɓari ko a haifi ɗa a mace. Wani lokaci a ga ɗaya cikakke, ɗan'uwansa kuma ƙanƙane, baƙi-baƙi, a bushe. In a ƙarshen ciki ne ɗan yakan zo da rai, ko da rauni ko lafiya. Uwar kuwa da ƙyar za a ga ta yi wani ciwo, abincinta take ci. Wanda ya tsaya ya duba mahaifar da ta faɗo, wani lokaci zai ga ƙananan ɗigo-ɗigo farare a kan jajayen ƙululun da ke jikinta.

Ga abin da zan so kowace mai kiwo ta riƙe. Tunkiyar da ta yi ɓari saboda wannan cuta yawanci jikinta ya samu kariya, ba ta cika sake zubarwa saboda ita ba, ko da yake a awaki kariyar ba ta kai ta tumaki ƙarfi ba. Wadda ake gaggawar sayarwa da arha don an yi fushi da ita, wataƙila ita ce ta riga ta tsallake, 'yar budurwar da za a sayo a madadinta kuwa ba ta taɓa haɗuwa da cutar ba. In kuwa bakkale ce ta zubar da cikin, riƙe tunkiyar haɗari ne ga garke da mutanen gida. Shawarar a riƙe ko a rabu da ita, gwaji ne kaɗai zai yanke ta.

Binciken da Joshua Kamani da abokan aikinsa suka buga a 2010 daga jihar Borno ya samu alamar toksoplasma a jinin kusan kashi 7 cikin ɗari na tumakin da aka gwada, da kusan kashi 5 na awaki. A Maiduguri kuma fiye da ɗaya bisa uku na magunan da aka gwada sun taɓa ɗaukarta. Wani zai ji kashi 7 ya ce ai kaɗan ne. Ni abin da na ji shi ne sauran kashi 93 ba su da kariya, ga kuma mage tana yawo da cutar a gari.

Kada wani ya tashi daga jin wannan shiri ya ɗauki sanda ya bi mage. Addininmu ya hana zaluntarta, kuma ko ta fuskar kiwon ma kuskure ne. Babbar magen da ta daɗe a gida galibi ta kamu tun tana ƙarama, ta gama zubar da ƙwayayenta. 'Yan ƙanana masu koyon farauta su ne suka fi zubarwa. Ka kori babbar, ɓera ya yi yawa, wasu sababbi su shigo su hayayyafa a ɗakin dusa. Abin yi shi ne a raba mage da abincin dabba. A ɗaure bakin buhu, a zuba dusa a durum ko tukunya mai murfi, a ja ƙofar ɗakin ajiya, daron da aka ba dabba abinci a wanke a kife shi. In mage ta haihu cikin harawa a sauya mata wuri, dammin nan kuma kada a ba masu ciki. A Niyu Zilan da Birtaniya akwai allurar rigakafi da ake yi wa tunkiya kafin barbara, tun 1988 aka fara amfani da ita a Niyu Zilan. Amma rayayyar ƙwaya ce, kwanaki kaɗan take yi ta lalace, sai da sanyi kuma, mai kiwo a ƙauyen Kadamu ba zai dogara da ita ba. Murfi da igiyar ɗaure buhu kuwa suna hannunsa.

Iyayena mata, wannan ɓangaren naku ne kai tsaye. Mace mai juna biyu in ta kamu da wannan cuta karo na farko tana iya rasa cikin, ko jaririn ya zo da matsalar ido ko ta ƙwaƙwalwa. A gidajenmu kuwa in akuya ta fara naƙuda cikin dare, wa ke tashi? Mace ce. Ita ke jawo ɗan, ita ke kwashe mahaifa da hannu. Mai ciki ta bar wa wani wannan aiki ko da akuyar tata ce, don ba toksoplasma kaɗai ke fitowa tare da ruwan haihuwar dabba ba, har da bakkale da wasunta. Malam maigida, a watannin nan aikinka ne. Ka sa leda a hannu in babu safar hannu, ka wanke da sabulu in ka gama. Nonon akuya da na saniya a tafasa shi. Nama a dafa ya nuna har ciki, tsiren da tsakiyarsa ke da ja mai ciki ta haƙura da shi. Sharar kashin mage ma a ba wani.

Daga mage sai kare. Shi kuma tasa cutar 'yar'uwar waccan ce, sunanta niyospora, shanu take kamawa. A 1984 aka fara lura da ita a jikin wasu karnuka a ƙasar Norwe, a 1988 aka raɗa mata suna, a 1998 aka tabbatar a hanjin kare take yin ƙwai. Kare ya ci mahaifa ko ɗan tayin da saniya ta zubar, ya je ya yi kashi inda shanu ke kiwo ko shan ruwa. Ɓarin ya fi zuwa tsakanin wata biyar da bakwai. Muguntar cutar ita ce saniyar da ta kamu ta kamu har ƙarshen ranta, kuma mafi yawan 'ya'yan da za ta haifa da rai da cutar suke zuwa tun daga ciki. Karsana ta tashi kyakkyawa, ba ta da aibi, ta girma ta zubar, 'yarta ma ta zo ta zubar. Fulani sun fi kowa sanin zuriyar shanunsu ta wajen uwa. Ardo, in ka lura ɓari yana bin gida ɗaya, uwa da 'ya da jika, wannan abin faɗa wa likita ne. Babu maganin da ke fitar da ita daga jikin saniya. A ƙasashen da suka yi nisa a kiwon madara, irin su Amurka, tana cikin manyan dalilan ɓarin shanu, a Najeriya kuma a 2013 aka fara ba da rahoton samun alamarta a jinin shanu. Wanda ke jefa wa karen garke mahaifa don kada a yi asararta, da hannunsa yake buɗe mata hanya.

Akwai kuma wadda bijimi ke rabawa, tirikomonas. A cikin fatar gabansa take zama, ba ya nuna alamar komai, tsohon bijimi kuwa in ya ɗauka ya ɗauka ke nan. Saniyar da ya hau takan ɗauki ciki, ɗan ya mutu tun yana 'yan makonni, ta dawo neman barbara. A ƙauyen da bijimi ɗaya ke hawan shanun unguwa duka sai a yi ta zargin matan, shi ba a ko kalle shi. Saniya takan warke da kanta in an hutar da ita 'yan watanni. Bijimin sai dai a sauya shi da matashi, ko a koma ga barbarar zamani ta hannun likita, irin wadda aka tanadi cibiyarta a Kadawa ta Garun Malam.

To amma a ganina, abin da ya fi cin haihuwar dabbobinmu yau da gobe shi ne tsutsar cikin da kowa ya sani, ya kuma raina. Akwai wata siririya, tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba, ja da fari a murɗe, tana zama a sashen ƙarshe na tumbin tunkiya da akuya tana tsotsar jini. Macenta ɗaya tana zuba ƙwai dubu biyar zuwa dubu goma a rana. Tsutsa dubu a cikin dabba ɗaya suna janye kimanin mililita 50 na jini kullum. Dabbar da ake yi wa irin wannan ɗiba ba za ta nemi barbara a kan lokaci ba. In ta ɗauka ɗan ya zo ƙarami, dakashi ya yi kaɗan, nono ya ƙi zuwa, ɗan ya mutu a makon farko. Ba a kiran wannan ɓari, amma asarar ɗaya ce. Masu bincike a Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa tsutsar nan tana da dabarar tsallake raninmu. Ƙananan da dabba ta haɗiya a ƙarshen damina sai su lafe a bangon tumbi su daina girma. Da an doshi wata daminar su farka, daidai lokacin da harawa ta ƙare, dabba ta rame. Ga shi kuma ƙarfin jikin uwa yakan yi ƙasa a makonnin da ke kewaye da haihuwa, ƙwai ya ƙaru a kashinta, 'ya'yan da suka fara tsinkar ciyawa su kwasa.

Gane ta ba wuya. Ja fatar idon dabba ta ƙasa ka duba cikinta a hasken rana. In ja ce jawur, da sauran jini. In ta koma fari-fari, ana shan jininta. In kuma ƙarƙashin haɓa ya kumbura ya yi taushi, abin ya yi nisa. A Afirka ta Kudu wani likitan dabbobi, Faffa Malan, ya mayar da wannan dubawa tsari a shekarun 1990, aka yi kati mai launi biyar da ake gwadawa da idon dabba, don a ba mai buƙata magani a ƙyale mai lafiya. Dalili kuwa, ɗura wa garke duka magani kowane lokaci, ko raba wa awaki uku ƙwayar akuya ɗaya don tattali, shi ke sa tsutsa ta saba da magani ta daina jin sa.

Masu kai dabbobi fadama da rani, da masu yanko ciyawa a bakin ruwan Watari da magudanan noman rani na Bagwai, su kuma ciwon hanta ke jiransu. Tsutsarsa faffaɗa ce, mahauta sun san ta sarai. Sai ta bi ta jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa kafin ta fito ta manne a ciyawa. Hantar da ta lalace ba ta iya ɗaukar nauyin uwa da ɗa. Ciyawar bakin ruwa in an shanya ta ta bushe sosai kafin a ba dabba, haɗarin yana raguwa.

A nan akwai wani ganganci da ke ci mini rai. Cikin magungunan tsutsar da aka fi saya a kasuwanninmu akwai albendazol, na ƙwaya da na ruwa. Magani ne mai kyau, amma an hana ba da shi ga saniya a kwana 45 na farkon ciki, ga tunkiya da akuya kuma a kwana 30 na farko, don yana iya lalata ɗan tayi ko ya nakasa shi. Gargaɗin yana jikin kwali da Turanci, da ƙananan haruffa. Mai tallar magani a tebur ranar kasuwa bai cika tambayar ko dabbar tana da ciki ba, mai saye ma bai san ya kamata ya faɗa ba. Haka allurar deksametason da wasu ke haɗawa da kowane magani don dabba ta ji ƙarfi, a ƙarshen ciki tana iya jawo naƙuda kafin lokaci. Mutum ya je neman lafiyar dabbarsa da kuɗinsa, ya dawo ya zubar mata da ciki. Kafin ɗura ko allura, a faɗa wa mai maganin yaushe aka hau ta. Maganin tsutsa ya fi kyau kafin barbara, ko bayan ciki ya yi ƙwari, bisa shawarar malamin dabbobi.

Cutar sammore kuwa, ko da yake ƙudan tsando mai yaɗa ta ba ya zama a ƙasa irin tamu, shanun da suka ci rani a kudu suna dawowa da ita a jininsu, bobuwa kuma tana iya ɗauka daga wannan ta kai wa waccan. Tana zubar da ciki, tana hana saniya neman bijimi, tana raunana irin bijimin kansa. Kaska ma haka. Zazzaɓin fitsarin jini da take kawowa yana zubar da ciki, cizonta a hantsa kuma yana kashe kan nono, maraƙi ya rasa abin kamawa.

Sai mu dawo ga abin da ya faɗo a turke da asuba. Ɗan tayi da mahaifa su ne shaidar da likita ke buƙata, su ne kuma ke yaɗa cuta in an bar su a fili. A juji kare zai ci, mage za ta ci, kaji su tona, ruwan sama ya wanke ya kai kududdufi, daga baya a kwashe jujin a kai gona. In dabbarka ta zubar, ware ta daga sauran masu ciki na mako biyu zuwa uku, har ruwan da ke fita ya tsaya. Share turken, ƙona abin da ta kwanta a kai. In akwai halin isa wurin malamin dabbobi a ranar, sa ɗan da mahaifar, musamman mahaifar, a leda biyu, a ɗora a kan ƙanƙara in ana samu, a kai kafin su ɓaci. In babu hali, a haƙa ramin da kare ba zai iya tonewa ba a binne. A kuma riƙe lissafi, ko da ɗan makaranta ne zai rubuta a bayan littafinsa: wace dabba, wata nawa, wane bijimi ko rago ko bunsuru, wane magani aka ba ta. In biyu ko uku suka zubar a unguwa ɗaya cikin 'yan makonni, abin ya wuce sirrin gida, a sanar da mai unguwa da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Na san wani yana saurare yana cewa, to in na kai wa zai karɓa, ina za a gwada? Tambayar tana kan hanya, kuma hukuma ce ya kamata ta amsa. Ƙasar nan ba ta rasa masana ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana aiki tun 1924, tana da reshe a Kano. Akwai cibiyar binciken kiwo ta Shika, da tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, da asibitin dabbobi na Gwale. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo. Jihar Kano, da tallafin Bankin Musulunci, ta gudanar da shirin bunƙasa noma da kiwo wanda ya yi wa dabbobi masu yawa rigakafin ciwon huhun shanu da annobar gudawa da majina ta awaki da tumaki. An gode. Amma allurar shekara-shekara ba ta taɓa ko ɗaya daga cututtukan da na lissafa yau. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanya daga turken Inna a ƙauyen Shakogi zuwa teburin gwaji a Kano ko Zariya.

Kuma ba abu ne mai tsada ba. Ma'aikacin lafiyar dabbobi a kowace mazaɓa cikin goman Shanono, da babur, da kula mai ƙanƙara, da safar hannu, da lambar wayar da mata suka sani. Hanyar da za a riƙa tura samfur Kano a kan kari, sakamako kuma ya dawo wa mai dabba da Hausa, a gaya mata ta riƙe tunkiyar ko ta rabu da ita, ta sauya rago ko ta rufe dusa. Tunda mata ne masu dabbobin, da yawansu kuma suna kulle, a horar da mata su riƙa shiga gidaje kamar yadda aka yi a rigakafin shan-inna. Ɗaliban jami'o'inmu masu neman abin bincike, maimakon su tsaya a abatuwa suna ɗibar jinin dabbobin da ba a san garinsu ba, su zo Shanono su zauna damina ɗaya da rani ɗaya, su bi awakin unguwa guda daga barbara zuwa yaye. Shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli, da hakimi da dagatai, su ne za su nemi wannan a rubuce, su tsaya a sa shi cikin kasafin kuɗi tun kafin a sake ɗaure dabbobi a turke.